Amsa kan man fuska mai furen chrysanthemum

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kin sayi man fuska a kasuwar Balogun da ke Legas, an rubuta akwai ruwan furen chrysanthemum a ciki, kina son sanin ko zai haska ki. Ni haɗa man shafawa ce sana'ata a nan Agege, kuma na jima ina aiki da ruwan furen nan.

Ba ya sa fari. Aikinsa kariya ne. Furen ɗan dangin shuwaka ne da tazargade, mutanen Sin sun daɗe suna busar da shi suna shayi. Yana ɗauke da sinadarai irin su luteolin da apigenin. Kin san yadda yankakkiyar doya ke sauya launi in ta sha iska? Irin wannan lalacewar rana da hayaƙi ke yi wa fata a hankali, waɗannan sinadaran kuma rage ta suke yi, su kwantar da ja da zafi. Duk wadda ke shan hayaƙin motocin haya na danfo a Oshodi da na janareta a gida, tana da bukatarsa. Amma ba ya maye gurbin man kare rana, ki nemi mai SPF (lambar ƙarfin kare rana) 30 ko sama.

Abin da ke damuna shi ne wannan: in kin shafa kika ga kin yi fari cikin mako guda, wallahi ba furen ba ne. An zuba sinadaran bilicin masu illa irin su hydroquinone ko clobetasol, an ɓuya bayan hoton fure. Na ga wata baiwar Allah da ta shafa irin wannan man, fuskarta ta yi fes, gaɓoɓin yatsunta baƙi ƙirin, jijiyoyi kore sun fito mata a kumatu. Raina ya ɓaci sosai ranar.

Ki juya kwalbar ki duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, sannan jerin kayan haɗin. Abin da ya fi yawa a ciki ake fara rubutawa, in sunan furen na can ƙarshe kusa da turare, ɗan kaɗan aka sa. Zafi da haske suna kashe ƙarfinsa, don haka ni ba na sayen wanda ya wuni a rana kan tebur.

Wasu kuma jikinsu ba ya karɓar wannan dangin furen, ƙaiƙayi da ƙuraje yake sa musu. Ki ɗan shafa a bayan kunne, ki jira awa 48. In wurin ya yi ja, ki ajiye shi ki ga likitan fata.