Ɗalibaina na yi wa tsofaffin fina-finai dariya, shin in cire su daga manhaja?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. An ba ni kwas ɗin tarihin fim a karon farko, kuma na ware makonnin farko ga zamanin fim maras magana. Duk wanda na kunna daga YouTube, sai ajin ya kece da dariya saboda yadda mutane ke tafiya da sauri kamar ana korarsu. Yanzu rabin ɗaliban sun daina zuwa, shugaban sashe kuma ya ce in tsallake in fara daga 1930. Ina tsoron kwas ɗin ya lalace a hannuna. Me zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Ki kwantar da hankalinki, kwas ɗinki bai lalace ba, kuma kada ki tsallake komai. Inda matsalar take shi ne kwafin da kike nunawa, domin abin da ɗalibanki suka gani ya sha bamban da abin da masu kallo suka gani a 1915.

Saurin nan da ke ba su dariya, mafi yawansa kuskuren kunnawa ne. A wancan zamani da hannu ake murza kyamara, kuma babu ƙa'ida ɗaya da kowa ke bi. Fina-finan farko da yawa an ɗauke su a kan hoto 16 zuwa 18 a daƙiƙa, daga baya adadin ya riƙa hawa a shekarun 1920. Zuwan sauti ne ya tilasta tsayawa a kan 24, saboda murya ba ta jure sauyin gudu. To idan aka ɗauki fim na hoto 16 aka kunna shi a kan 24, gudunsa ya ƙaru da rabi. Mai jimami sai ya koma kamar mai zumuɗi. Gaskiya ne masu barkwanci kan rage murza kyamara da gangan don a samu saurin, kuma masu majigi kan ɗan ƙara gudu, amma wannan zaɓi ne da aka yi da sani. Abin da ke yawo a intanet yawanci sakaci ne kawai.

Abin da ya fi damuna, kuma kusan kullum sai na ci karo da shi har a bakin malamai, shi ne tunanin cewa duk abin da aka samu a intanet da sunan tsohon fim, shi ne fim ɗin. Daga nan ake gina hukuncin cewa mutanen wancan zamani ba su iya ba, fim ɗinsu baƙi da fari ne, shiru, dishi-dishi, sai da aka zo zamaninmu sana'ar ta nuna. Kowane ɓangare na wannan magana kuskure ne. Fina-finan ba a cikin shiru ake kallonsu ba: akwai mai fiyano, a manyan gidajen kallo akwai cikakkiyar tawagar makaɗa, a Japan kuma akwai benshi, mutumin da ke tsaye gefen allo yana ba da labari yana yin muryoyin 'yan wasa. Launi ma akwai shi. Ana rina fim ɗin kansa, shuɗi don dare, ruwan ɗorawa don hasken fitila, ja don gobara, wasu kuma da hannu ake shafa musu launi hoto bayan hoto. Da aka riƙa kwafe su daga baya a kan fim baƙi da fari, rinin ya ɓace. Shi ya sa ɗalibi zai ga ɓarawo yana sanɗa da fitila cikin hasken rana ya yi dariya, alhali shuɗin da ke gaya wa mai kallo cewa dare ne aka cire. Dishi-dishin kuwa daga kwafe kwafin kwafi ne. Asalin zaren fim mai faɗin milimita 35 da aka adana da kyau, hotonsa tas yake.

Yanzu kuma ga wata sabuwar ɓarna. Masu tashoshi a intanet na ɗaukar waɗannan fina-finai su tura su cikin ƙirƙirarriyar basira, su shafa musu launin da suka ga dama, su ƙirƙiro hotunan da kyamara ba ta taɓa ɗauka ba don a kai 60 a daƙiƙa, su yanke sama da ƙasa don ya cika allon zamani, su ɗora ƙarar takun sawu, sannan su rubuta cewa sun gyara. Wannan ba gyara ba ne. Mai gyaran fim na gaskiya yakan shafe shekaru yana kwatanta kwafe-kwafe daga ƙasashe daban-daban, yana bin takardun hukumar tace fina-finai da takardun kiɗa don ya gano jerin fitowa, kuma ya rubuta duk abin da ya taɓa. Wancan kuwa na'ura ce ta yi hasashen launin rigar mutumin da ya rasu shekara ɗari da suka wuce. Raina yana ɓaci idan na ga ɗalibi ya rubuta sharhi shafi biyar a kan launin da kwamfuta ta ƙaga, malami kuma ya ba shi maki.

Ki kuma gaya musu cewa abin da ya rage kaɗan ne. Binciken da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finai marasa magana na Amurka sun ɓace gaba ɗaya. A kan naitret aka yi su, sinadarin da ke ruɓewa kuma yake kama wuta, ga gobarar rumbun kamfanin Fox a 1937 da ta cinye mafi yawan tsofaffin fina-finansa. Waɗanda suka tsira ma sau da yawa guntaye ne. Fim ɗin Jamus mai suna Metropolis na 1927 an shafe shekara tamanin ana koyar da shi a yanke, sai a 2008 aka gano kusan minti 25 da suka ɓata a wani gidan tarihi a Buenos Aires. Ɗalibin da ya san wannan zai fara tambayar da ta dace kafin ya yanke hukunci: wane kwafi nake kallo?

Game da shugaban sashenku, ki je masa da hujja cikin ladabi. Wanda ya fara daga 1930 ya tarar an gama gina harshen fim: ɗaukar fuska kusa, yanka tsakanin wurare biyu a lokaci ɗaya, da dabarun tace hoto da masu shirya fim irin su Kuleshov da Eisenstein suka zurfafa a Tarayyar Sobiyet. Hasali ma, a shekarun farko na sauti kyamara ta ja baya, don an kulle ta cikin akwati kada ƙararta ta shiga makirufo. Ta yaya ɗalibi zai gane wannan idan bai ga yadda take yawo a 1927 ba? Na gaji da tsarin da ke auna kwas da yawan masu zama a kujera a mako na biyu.

Abin yi a ajinki mai sauƙi ne. Ki nemi kwafin da wani rumbun adana fina-finai ya gyara, irin su BFI a Ingila, Cineteca di Bologna a Italiya ko Eye a Amsterdam. Yawanci a farkon fim ɗin za ki ga bayanin wanda ya gyara da shekarar da kwafin da aka dogara da shi. Ki kashe fitila, ki haska a babban allo da kiɗansa, a ajiye waya, kuma a kalli gajeren fim ɗaya daga farko zuwa ƙarshe maimakon gutsattsarin guda goma.

A darasinki na gaba ki fara da fitowar nan da ta fi ba su dariya. Ki kunna kwafin YouTube, ki bar su su dara, sannan ki kunna gyararren kwafin na fitowar. Kada ki yi bayani tukuna. Ki ce kowa ya rubuta bambance-bambancen da ya gani da abin da yake zaton ya jawo su. Daga ranar, ki sa doka cewa duk aikin da za a miƙa miki sai an rubuta a samansa inda aka samo kwafin, wanda ya gyara shi da tsawonsa a minti, in babu kuma ki mayar da takardar. Allah Ya taimaka.