Harsashi ɗaya zai wadatar wa barewa da aladen daji?

Tambaya: Ina zaune a Jamus, kuma na samu lasisin farauta. Manoman yankinmu suna kiran maharba saboda aladen daji da ke ɓarna a gonakin masara, ni kuma ina son farautar barewa. Wane harsashi zan saya wanda zai yi mini aikin duka biyun?

Amsa: Dokar farauta ta tarayyar Jamus ta riga ta rage maka zaɓi. Ga ƙaramar barewar Turai, wadda nauyinta bai cika wuce kilo 30 ba, ana bukatar harsashi mai ƙarfin jul 1,000 (jul ma'aunin ƙarfin bugu ne) a nisan mita 100. Ga aladen daji da sauran manyan dabbobi masu kofato kuwa, dole kaurinsa ya kai milimita 6.5, ƙarfinsa kuma jul 2,000 a wannan nisa. Saboda haka nau'in harsashin da ake kira .243 Winchester, duk da kyawunsa ga barewa, ba zai halatta maka a kan alade ba, domin kaurinsa bai kai ba.

Da ni ne, .308 Winchester zan ɗauka. Tun 1952 yake kasuwa, ana samunsa ko'ina, kuma ba ya dukan kafaɗa har mutum ya riƙa runtse ido kafin ya ja kunama. Akwai .30-06 da 8x57 da ke aiki kusan iri ɗaya. Tsofaffin maharban Jamus suna alfahari da 9.3x62 wanda Otto Bock ya ƙera a Berlin a 1905, kuma gaskiya ne yana kayar da ƙaton alade, amma naushinsa ya yi wa sabon hannu yawa.

Inda ya kamata ka fi mai da hankali shi ne ƙirar kan harsashin, ba lambarsa ba. Tsohon namijin alade yana da wata fata mai kauri a kafaɗa kamar garkuwa, sau da yawa da busasshen taɓo a kai, kuma harsashi mai laushin kai yakan tarwatse a nan bai kai huhu ba. Dabbar ta shige duhuwa da rauni, bin sawunta kuwa haɗari ne ga mutum da karensa. Irin wannan harsashin a jikin barewa lalata nama yake yi. Nemi mai nauyin giram 10 zuwa 11 wanda ke buɗewa a hankali ba tare da ya wargaje ba, ya ratsa ya fita ta ɗaya gefen, ya bar jinin da za a bi.

Harsashin jan ƙarfe yana yin haka, kuma jihohin Jamus da dama sun hana na dalma, domin ɓarɓashinta yana saura a nama da kayan ciki, har ya kashe gaggafar da ta ci. Ka duba dokar jiharka. Duk lokacin da ka sauya samfuri, ka koma filin gwaji ka sake saita bindigar a mita 100, domin wurin faɗuwar harsashin yakan canza.