Amsa ga ɗan'uwan da barci ya gagara a Agege

Ƙanena, ka ce kana tsaron shagon wani a Agege, ka kusa shekara talatin, kuma duk sanda ka buɗe waya sai ka ci karo da masu cewa wanda bai koyi aikin kwamfuta ko bai kafa nasa kasuwanci ba rago ne. Yanzu barci ya ƙaurace maka, kana tambaya ko kai ne matsalar.

Na daɗe a Mile 12 cikin harkar kayan gwari, kuma abin da na lura shi ne ɗan Arewa a Legas wuta biyu ce ke cinsa. Ta farko daga gida take. Da an ce wane yana Ikko, an ɗauka kuɗi yake shara. Kowace Sallah sai an tambaya ina fili, ina aure, ina kujerar Makkan tsohuwa. Na san samari da suka daina zuwa gida da Sallah, ba don ba su da kuɗin mota ba, kunyar zuwa hannu rabbana ce kawai. Wasu har sun daina ɗaga kiran iyayensu. Wannan ya fi damuna, domin zumuncin da ya kamata ya riƙe mutum shi ne ya koma abin gudu.

Ta biyu ita ce ta waya. Masu wa'azin "tashi ka nema" ba sa faɗin cewa a watan Yunin 2022 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da Apapa da Surulere, kuma yaranmu da yawa sun wayi gari ba sana'a. Ba sa faɗin yadda kuɗin mota da abinci suka tashi bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ga kuɗin haya da ake karɓa na shekara guda a dunƙule. Sai mutum ya ɗora wa kansa laifin abin da ba shi ya jawo ba. Daga nan ne gaggawa ke shiga, kuma masu gaggawa su ne abincin 'yan damfarar da ke karɓar kuɗin mutane da alkawarin riba mai yawa cikin sauri, irin su MMM a 2016 da CBEX a 2025.

Ban ce ka zauna ba. Koyi abu guda, wanda ke kusa da kai: yadda maigidanka ke saro kaya da yadda yake bin bashi ma ilimi ne. Shiga adashi da mutanen da ka sani. Faɗa wa gida gaskiyar abin da kake samu. Za su yi gunaguni, amma za su rage buri.

Maganar barci kuwa, kada ka yi wasa da ita. Ajiye wayar bayan Isha'i. In rashin barcin ya kai makonni, ga rashin cin abinci, ga ƙuncin da ba ya tafiya, ko tunanin cutar da kanka, je ka ga likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana duba masu irin wannan damuwar, su karɓi magani su koma gida a ranar. Ka ci gaba da addu'a, ka kuma samu wanda ka yarda da shi ya raka ka.