Ga mai tambaya kan gudun da ake sa 'yarta a makaranta

'Yar'uwa, ina karanta tambayarki gabana ya faɗi. Kin ce 'yarki mai asma kuka take yi duk sanda za a fitar da su gudun Daily Mile, wato gudun motsa jiki da ake sa yara kullum a makaranta, har kina tunanin rubuta takarda a cire ta. Wallahi na ga irin wannan ranar.

Ɗana, shi ma mai asma, yana aji uku lokacin. Watan Janairu ne, sanyin Sikotilan ɗin nan mai ratsa ƙashi. Ya gaya wa malamar ƙirjinsa ya riƙe, ta ce ya daure ya ƙara zagaye ɗaya. Abin shaƙar maganin asmarsa kuwa yana ofis a kulle. Da aka kira ni na same shi zaune a ƙasa, numfashi na fita kamar ana busa usur, ko "Umma" ya kasa furtawa. Ita kuma tana tsaye a kaina wai ta ɗauka ƙiwa ce. Ƙiwa! Yaro ɗan shekara bakwai! Har yau in na hango ta a bakin ƙofa sai raina ya ɓaci, ko haƙuri ba ta taɓa ba ni ba.

Duk da haka ban cire shi ba, ke ma kar ki cire ta. Elaine Wyllie da ta faro abin a 2012, tana shugabar makarantar St Ninian's ta garin Stirling, ba tsere ta shirya ba. Minti 15 ne, kowa da ƙarfinsa, wanda ya gaji ya taka a hankali. Ki je wurin nas ta rubuta miki tsarin kula da asmarta, ki miƙa wa shugabar makaranta hannu da hannu. Shuɗin abin shaƙar nan ya riƙa fita fili tare da ita. Ranar sanyi ki naɗa mata gyale a hanci da baki.

Mu da muna yara a ƙafa muke zuwa boko da islamiyya, yaranmu kuwa daga mota sai ɗaki, ga shi lokacin sanyi ƙarfe huɗu duhu ya yi. Nawa yanzu yana haye benenmu ba ya tsayawa haki, alhamdu lillahi.

Ki kuma lallaɓa ta ki ji ko tsokanarta ake yi don tana zuwa ƙarshe. Sai da aka yi wata biyu nawa ya gaya min. Allah Ya ba ta lafiya.