Ƙurajen kai da ƙeya bayan aski

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kabu-kabu ne a Garin Malam, nan Damagaram. Duk sanda na yi aski tal kwabo, kwana biyu sai ƙuraje su feso mini a ka, musamman a ƙeya. Ga ƙaiƙayi, wasu har mugunya suke yi. Abokai sun ce gyaɗa da tsire ne, wani ya ce in shafa man birki. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ci gyaɗarka, ba ita ce mai laifi ba. Man birki kuwa kada ka kuskura, ƙona fata yake yi, ka koma jinyar gyambo.

Kowane silin gashi daga wani ɗan rami yake fitowa, kuma ramin yana fitar da maiƙo. Idan maiƙon ya haɗu da gumi, ƙura da matacciyar fata, bakin ramin ya toshe, sai ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Mafi yawa ƙwayar Staphylococcus aureus ce, wadda ke kawo mugunya. Wani lokaci kuma Malassezia ce, wadda ke da hannu a amosanin ka. Kai da ke wuni kan babur a Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, hula ta jiƙe sharkaf, ka haɗa musu duk abin da suke so.

Amma maganar ƙeyar nan ta fi tsaya mini a rai. Gashinmu murɗaɗɗe ne. Idan aska ta yanke shi daidai fata, tsinin yakan lanƙwashe ya koma ciki, jiki ya ɗauke shi kamar ƙaya, wurin ya kumbura. Wuyan riga da bakin hula su yi ta goga. Likitocin fata suna kiran wannan acne keloidalis nuchae, kuma samari baƙar fata ya fi kamawa. Da farko ƙananan ƙuraje ne. In aka ci gaba da bi ta kansu da aska, sai su taurare, su haɗe su zama tabo mai tudu, gashi kuma ba ya sake fitowa a wurin. Ina ganin magidanta da ba sa cire rawani saboda shi, kuma da za a tsaya da wuri da bai kai haka ba.

Don haka kafin kowane magani, ka yi sallama da aska na wata biyu ko uku. A rage maka gashi da inji, a bar ɗan tsawo, kada a gyara layin ƙeya da reza. In da hali ka sayi naka injin. In daga baya ka koma wurin wanzami, ka ga sabuwar reza da idonka.

Ka wanke kai duk yamma in ka sauka daga aiki. Na san ruwa a Damagaram ba abin wasa ba ne, amma moɗa biyu sun isa. A farmasi ka nemi sabulun wanke kai mai ketoconazole 2%, sau biyu a sati, ka bar kumfar minti 5 kafin ka ɗauraye. Ga ƙuraje masu mugunya, maganin shafawa na benzoyl peroxide 5% yana aiki, sai dai yana koɗar da tufa, ka kula da hular Juma'a. Man kaɗe da Vaseline ka bar su a ƙafa da hannu tukuna. Hula a riƙa wankewa, kuma ka daina matsa ƙurajen da farce. Man bilicin da ake cewa yana kwantar da ƙuraje, sau da yawa da wani magani mai ƙarfi, clobetasol, a ciki: ƙaiƙayi ya lafa, fata ta yi sirara, cuta ta ƙara samun ƙofa.

Idan sati 6 ya wuce babu sauƙi, ko sun fara tauri, ko ga zazzaɓi da kumburi, ka je asibitin unguwa, su tura ka babban asibiti in da buƙata. Likita zai iya rubuta maka doxycycline, maganin kashe ƙwayoyin cuta, na wasu makonni. Yana sa rana ta fi cin fata, don haka ka gaya masa sana'arka. Ba a ba mai ciki ko yaro ƙasa da shekara 8, kuma kada ka saye shi a tebur. Tabon da ya yi tudu allura ake yi masa a ciki don ya kwanta, ba sau ɗaya ba.