Tambayoyin Masu Karatu: Da Wane Lissafi Aka Gina Cocin Farko?

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibin zanen gine-gine ne, na ji ana cewa tsofaffin cocin Kiristocin farko duk da wani lissafin sirri aka gina su, wai ma'aunin zinare. Gaskiya ne?

AMSA: Yauwa ɗan'uwa, tambayar nan ta min daɗi sosai. Lissafi kam akwai shi, amma maganar sirri ni ban yarda da ita ba, don in mutum ya riga ya ƙudurta ma'aunin zinaren nan yake nema, wato tsawo ya ninka faɗi sau 1.618, toh duk ginin da ya auna sai ya ƙaƙaro ta.

Kaga kafin shekarar 313, lokacin da sarkin Rumawa Konstantin ya sakar wa Kiristoci mara, a gidaje suke taruwa, kamar gidan da aka tono a Dura-Europos a Siriya. Da suka samu dama sai suka ari tsarin basilika, dogon zauren da Rumawa ke shari'a da kasuwanci a ciki, tsakiya mai faɗi da tsayi, layin ginshiƙai hagu da dama, tazara ɗaya tsakanin kowanne, har yau in ka shiga cocin Santa Sabina a Rum (an gina shi daga 422 zuwa 432) ginshiƙai 24 ne suke jan idonka kai tsaye zuwa bagadi.

Kayan aikin fa igiya ce da turaku da awon ƙafa. Gwada da kanka: zana murabba'i, ja layi daga kusurwa ɗaya ya ratsa tsakiya zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ɗauki rabin layin nan a igiya, kafa turke a kowace kusurwa ka yi alama a gefunan biyu, haɗa alamomin, sai ga siffa mai gefe 8 daidai wa daida. Wannan siffar ce a cocin San Vitale na Ravenna a Italiya da aka keɓe a 547, da wuraren baftisma da yawa, saboda a wajensu 8 alamar tashin Almasihu ce, wato Lahadin da ya tashi, wadda suke kira rana ta takwas don ta biyo bayan kwana bakwai na mako.

Amma inda abin ya fi burge ni shine Hagia Sofiya, babban cocin da aka gina a Istanbul ta yanzu. Sarki Justiniyan bai kira magina kawai ba, masana lissafi biyu ya ɗauko, Antemiyus da Isidor, suka gama cikin shekara 5, daga 532 zuwa 537. Tsakiyar ginin murabba'i ne mai ƙafa 100 na awonsu, wajen mita 31, matsalar ita ce yaya za a ɗora kubba zagayayya a kan abu mai kusurwa huɗu? Sai suka cike kowace kusurwa da lanƙwasasshen bango mai gefe uku wanda ke buɗewa yana hawa har huɗun su haɗu su zama da'ira. Wallahi dabara ce babba.

Duk da haka kubbar farko ta yi kwanciya da yawa, tana tura bangon waje, ga girgizar ƙasa, a 558 ta rufta. Da aka sake ta sai aka ƙara mata tsayin kusan mita 6 don nauyin ya riƙa sauka ƙasa, aka kammala a 562.