Ɗana ya ƙi yarda a goge masa baki: yaya zan sabar masa?

Tambaya: Likita, ɗana yana da shekara 4, kuma kullum sai mun yi daga kafin ya yarda a sa masa buroshi a baki. Idan na miƙa masa ya yi da kansa, sai ya tsotse makilin ɗin ya ajiye. Kakarsa ta ce in ƙyale shi, tunda haƙoran yarinta ne kuma famfara za ta ɗebe su. Shin in ƙyale shi ɗin, ko akwai dabara?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki ƙyale shi, amma ki sauke wa kanki nauyin zaton cewa yaro ɗan shekara 4 zai iya goge bakinsa da kansa. Hannunsa bai ƙware ba tukuna, kuma yawancin yara ba sa iya kai buroshi kowane lungu na baki sai sun kai shekara 7 zuwa 8. Kafin nan aikin naki ne ko na mahaifinsa, shi kuwa nasa shi ne ya saba da cewa abu ne da ake yi kullum, kamar wanka.

Maganar kaka tana da gaskiya ta fuska guda, domin haƙoran yarinta 20 ɗin nan duka za su faɗi. Sai dai famfara tana farawa ne wajen shekara 6, kuma turamen baya ba sa faɗuwa sai yaro ya kai shekara 10 zuwa 12, wato ɗanki zai yi kusan shekara 8 nan gaba yana tauna da su. Su ne kuma ke riƙe wa haƙoran girma gurbi, idan aka cire su da wuri saboda ruɓewa sai na girman su fito a cunkushe. Akwai wani abin da yake damuna ƙwarai a wurin aiki: turmin farko na girma yana fitowa wajen shekara 6 a can bayan na yarinta, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba, don haka iyaye da yawa suna ɗaukarsa na yarinta ne, ba sa kula sai ya yi kogo. Yaron da bai saba da buroshi kafin lokacin ba, wannan haƙorin ne yakan fara yin asara. Matsalar ba ta gidanku kaɗai ba ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa yara fiye da miliyan 500 ne ke fama da ruɓewar haƙoran yarinta.

Abin da mutane ke kira tsutsar haƙori ba tsutsa ba ce. Ƙwayoyin cuta ne da ke manne a jikin haƙori, suna cin sukarin da ya rage a baki suna fitar da tsami mai zaizaye ɓawon haƙorin. Da rana yawu yana wanke wannan tsami, amma idan mutum ya yi barci yawun yana raguwa sosai. Shi ya sa gogewar dare ta fi kowace muhimmanci, kuma idan har za a rasa ɗaya tsakanin gogewar safe da ta dare, to kada ta zama ita. Bayan an goge, kada shayi mai sukari ko biskit ko alewa su sake shiga bakin, sai ruwa kawai.

Game da sabo kuwa, yaro ya fi riƙe abin da aka jingina da wani abin da ya riga ya sani. Ki ɗaure gogewar safe da wankan safe, ta dare kuma da lokacin da aka idar da sallar Isha'i aka gama cin abinci, kuma kada ki tambaye shi ko yana so, domin tambayar tana buɗe ƙofar gardama. Abin da za ki ba shi zaɓi a kai shi ne launin buroshi, ko wanda zai fara tsakaninku. Ki zauna a tabarma, ya kwantar da kansa a cinyarki kamar yadda ake yi wa yarinya kitso, ta haka za ki ga cikin bakin sosai, shi ma ba zai ji an tsare shi ba. Ki bar shi ya fara da hannunsa, sannan ki karɓa ki kammala, kina bin inda haƙori ya haɗu da dasashi a hankali, ciki da waje da wurin tauna. Minti 2 ake nema, amma a makon farko ko rabin minti ya yarda ki karɓa, ki yaba masa, ki riƙa ƙarawa. Ki goge naki a gabansa, yayyensa ma su yi tare da shi. Duka da tsawa da tsoratar da shi da allurar likita suna sa ya tsani buroshin, su kuma sa ranar da zai buƙaci likita ta yi wahala.

Tsotsar makilin da yake yi ita ce dalilin auna yawan makilin da za ki sa masa. A shekarunsa, girman ƙwayar wake ɗaya ya isa, ƙaninsa da bai kai shekara 3 ba kuwa girman ƙwayar shinkafa. Ki duba jikin kwalin ki tabbata yana da sinadarin fulorayid aƙalla 1000 ppm (ppm ma'aunin yawan sinadarin ne a cikin makilin), domin fulorayid ɗin ne ke ƙarfafa ɓawon haƙori. Ki koya masa ya tofar, amma kada ya kurkure da ruwa, don sinadarin ya zauna ya yi aikinsa. Idan yajin makilin manya ne ke korarsa, ki nemi na yara marar yaji. Buroshin ya kasance ƙarami mai laushi, a sauya shi duk wata 3.

Aswaki sunna ne kuma yana cire datti idan an iya shi, kuma ganin mahaifinsa yana yi kafin sallah zai taimaka miki wajen sabon, sai dai a ƙara shi a kan buroshi da makilin, kada ya maye gurbinsu.

Yau da dare ki ɗaga leɓensa na sama ki duba gindin haƙoran gaba. Idan kin ga farin tabo kamar alli, ko ɗigon baƙi, ko dasashi na jini, ko kuma yana kuka idan buroshi ya taɓa wani wuri guda, ki kai shi wurin likitan haƙori ba tare da jinkiri ba, domin wani lokaci ƙin da yaro ke yi ciwo ne yake ɓoyewa.